Layar da Malami Ya Farke a Tsakiyar Gulbi

Duk kasuwar Bodinga babu wanda bai san Malami baduku da cika baki ba, kuma abin haushin shi ne cika bakin nasa gaskiya ne. Shekara arba'in yana zaune a rumfa ɗaya, daura da masu sai da igiya, yana ɗinka kube da jaka da kambu da laya. Idan ya gama kube sai ya cika shi da ruwa, ya ɗaga a gaban mai shi, ya ce a nuna masa inda ya ɗiga. Ba a taɓa nuna masa ba, shi kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

A farkon watan Agusta, damina ta kankama, sai ga Haliru mai fito ya zo rumfar. Haliru shi ke ƙetarar da mutane da jirginsa a mashigin Tungar Mainasara, can bayan Shagari, inda gulbi ke cika ya shafe fadama duk shekara. Bayan sun gaisa ya kwance wani tsumma, ya fito da wani abu rawaya mai girman sabulun wanki, ya ajiye a kan tabarma.

"Aiki nik kawo maka, Malami, kuma ban son hannun kowa sai naka."

Malami ya juya abin gaba da baya. Roba ce mai tauri, da wani siririn ƙarfe da aka naɗe a jikinta. "Wanga kuma mi na?"

"Mutanen agaji sunka raba ma masu jirage," in ji Haliru. "Ran da anka yi bayani ina Danchadi wurin jana'izar kawuna, sai Sarkin Ruwa yak karɓam mani. Abu ukku yac ce. Kat ta rabu da jikina in ina bisa ruwa. Kak in bari yara su taɓa ta, don wanda yat taɓa ba dalili za a hukunta shi. Kuma in jirgi ya shiga wahala, ita ka kiran agaji."

Malami ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai. Abin da ake ratayawa a jiki, ba a barin yara su taɓa, kuma yana aiki ranar tsanani, ai ba sai an gaya wa baduku sunansa ba.

"Ashe laya ta," ya ce.

"Layat Turawa," in ji Haliru. "Shi yas sa nic ce a yi mata gida."

Aka kuwa yi mata gida. Malami ya zaɓo jar fatar akuya mafi laushi, ya rufe abin ruf, ya ɗinke da zaren da ya sha kakin zuma. Ya sake kawo wata fatar ya lulluɓe ta farkon, ya bi ta da ɗinki biyu-biyu. Ƙullin ƙarshe kuwa ya tura shi ƙarƙashin kunnen rataya, yadda mahaifinsa ya koya masa, ta yadda ko wani baduku ya duba ba zai ga inda ɗinki ya fara ko inda ya ƙare ba. Ranar da Haliru ya zo karɓa sai da Malami ya kira maƙwabtan rumfa su zo su gani. Haliru ya rataya a ƙirji, ya tafi yana tafiya irin ta mai sabuwar sarauta.

Mako uku bayan haka, da hantsi, wata matashiya mai farin tabarau ta tsaya a bakin rumfar. Sunanta Mufida, ma'aikaciya ce a ofishin agajin gaggawa, tana kan hanyarta ta zuwa Danchadi taro da manoma a kan ambaliya. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ciro abu rawaya mai girman sabulun wanki daga jakarta.

"Baba, 'yar jaka nika so a yi mata, mai murfi, wadda za ni iya buɗewa da hannu ɗaya."

Malami ya yi murmushi har sai da giɓinsa ya fito. "Ai na san ta! Na taɓa yi ma 'yar'uwatta gida. Wadda niy yi ma Haliru na Tungar Mainasara, ko kwana bakwai tay yi ƙasan gulbi ɗigo guda ba ya shiga."

"Madalla. Ta ina aka buɗewa?"

"Buɗewa? Haba ɗiyata, wa ka buɗe laya?"

Mufida ta cire tabaranta. Ta dube shi, ta dubi kambun da ke rataye a bango, ɗinkakku ruf, sannan ta nemi wuri ta zauna a gefen tabarma ba tare da an ce ta zauna ba.

"Baba, diba nan," ta ce a hankali. Ta warware siririn ƙarfen nan, ya miƙe tsaye cak. "Wagga ita ta eriya, sai tana kallon sama. Nan kuma ga murfi, a ɗaga shi, a danna jan maɓalli, a riƙe hal wuta ta fara ƙyaftawa. Sannan kira shi tahi ga tauraron ɗan'adam, shi sauko babban ofis, su gane jirgin wa na, su gane inda yake, su bugo muna, mu tada jirgin ceto da ke madatsar ruwa ta Shagari. In ba a danna ba, Baba, da ita da dutse duk ɗaya."

Malami ya ajiye aikin da ke hannunsa. Kunya ce ta fara zuwa, sannan tsoro ya biyo ta ya ture ta gefe. Mako uku Haliru na ɗaukar mata da yara a kan gulbin da ya cika ya batse, yana dogara da abin da shi Malami ya toshe wa baki da hannunsa, kuma ya toshe shi da mafi kyawun ɗinkin da ya taɓa yi.

Mufida ta nemi lambar Haliru a takardunta ta buga, ba ta shiga ba. Ta buga ta Sarkin Ruwa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ce can mashigin dama babu sabis, amma gobe da safe za ta je da kanta.

"Yau ta kasuwas Shagari," in ji Malami. Ya san abin da hakan ke nufi, kowa ma ya sani: bayan azahar mutanen ƙetare za su koma gida da kayansu, jirgi zai yi nauyin da ba ya yi sauran kwanaki. Ya leƙa waje, gabas ta fara haɗa gira. "Gwada mani kuma, ɗiyata."

Sau uku ta sa shi ya yi, ba tare da ya danna da gaske ba: warware eriya, ɗaga murfi, ɗora yatsa. Daga nan ya jefa basillarsa da 'yar wuƙarsa a aljihu, ya ja asabari ya rufe rumfa. Maƙwabcinsa mai igiya ya tambaya ko rasuwa aka yi, don bai taɓa ganin rumfar a rufe da rana ba. Malami ya wuce tasha da sauri.

Motar Shagari ta yi abin da motocin kasuwa suka saba, ta tsaya ɗaukar kowa da akuyarsa. Daga Shagari ya hau kabu-kabu, suka bi hanyar laka tsakanin gonakin gero, sau biyu yana sauka su tura babur. Kafin su isa mashigin la'asar ta gabato, hadari ya rufe rabin sama.

A nan ya kamata a faɗi wani abu da Malami ba ya faɗa a kasuwa. Mutumin nan da ke cika baki cewa ruwa ba ya ratsa ɗinkinsa, shi kansa tsoron ruwa yake ji kamar me. Shekararsa sittin ba biyu, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba. Da ya hango gulbin, ja wur, faɗinsa har ido ba ya ganin ƙarshensa sosai, kawunan itatuwa kawai ke leƙowa, sai ya ja ya tsaya.

Jirgin Haliru na bakin gaɓa, ya cika maƙil. Mutum ashirin da ɗaya ne ciki, da buhunan gishiri da na taki, da kwanon rufi, da awaki biyu. Haliru na tsaye a baya kusa da inji, jar layarsa na sheƙi a kan riga.

"Haliru! Tsaya! Ba ni abin ga in buɗe shi!"

"A'a, Malami! Mi yak kawo ka nan?"

Malami ya fara bayani, amma bayani a bakin mashigi ranar kasuwa, ga hadari na tahowa, ba mai sauraronsa. Fasinjoji suka fara gunaguni. Haliru ya dafe layar da hannu.

"Sarkin Ruwa ya ce kat ta rabu da jikina bisa ruwa, ga shi ina bisa ruwa. Jira ni nan, in na dawo mu yi magana. Ka ga hadari."

Ya ja igiyar inji, inji ya kama. Wani ya sa ƙafa zai tura jirgin. Malami bai san lokacin da ya tattare rigarsa ba, sai ji ya yi ruwa ya kai masa cinya, hannuwansa sun kama gefen jirgi. Mutum biyu suka jawo shi ciki kamar buhu, ya faɗi a gaban Haliru yana haki.

Wata dattijuwa mai sai da daddawa, Tani, da ke zaune kan kwandonta, ta dube shi sama da ƙasa. "Bawan Allah, in bikin ƙetare za ka, ai ba yau na ba."

Aka yi dariya, jirgi ya tashi. Malami ya runtse ido ya riƙe katako da hannu biyu. Sau biyu ya buɗe baki ya yi wa Haliru magana, ƙarar inji ta cinye. Haliru dai nuna masa yake da hannu, wai a bari a isa.

Sun wuce rabi iska ta sauko. Ruwan ya fara tsalle yana dukan gefen jirgi, mata suka soma salati. Sai inji ya yi wani tari, ya yi shiru. Haliru ya ɗago shi, ga tsohuwar ragar masunta ta nannaɗe farfela tam. Ya ɗauki gwangwala ya caka, ba ta taɓa ƙasa ba. Igiyar ruwa ta juya jirgin, ta yi kudu da shi a gicciye, nesa da hanyar da jirage ke bi, har ta kai shi ta maka a kan wata giyayya da ruwa ya shanye sai rassan sama. Aka ji ƙas! Katako ɗaya ya tsage a ƙasan buhunan taki, ruwa ya fara ɓulɓulowa. Ruwan sama kuma ya zaɓi wannan lokacin ya kece.

Wayoyi huɗu ko biyar suka tashi sama a hannuwa, babu wadda ta sami sabis. Gaɓar nan ba a ganin ta, waccan ma haka. Jirgin ya maƙale tsakanin rassa biyu, su ne kawai suka hana shi kifewa.

"Kowa shi natsu!" Haliru ya ɗaga murya, ya ɗaga jar layar sama don kowa ya gani. "Ga ta nan, tana kira! Yanzu za a zo!"

Idanu suka koma kan layar, har wata mai goyo ta ce alhamdulillahi. Wannan alhamdulillahin ne ya soki Malami fiye da komai. Ya saki katakon da yake riƙe, ya miƙe a kan gwiwoyinsa.

"Ba ta kiran kowa!" ya ce da ƙarfi. "Jama'a, ba ta kiran kowa. Inji na, sai an buɗe an danna. Ni nit toshe mata baki, ni da hannuna, ban sani ba. Ma'aikaciyar agaji ta gwada mani yau da hantsi, shi yas sa nib biyo ka. Ba ni, Haliru."

Haliru ya ja baya, fuskarsa ta canja. Ba wawa ba ne, mutum ne da ya tashi ya tarar kakanninsa na cewa layar da aka buɗe ta tashi aiki. "In kab buɗe ta tal lalace fa? Ita kaɗai ta rage muna!"

"Haliru," in ji Tani, muryarta ta ratsa ƙarar ruwan, "mutumin ga tsoron ruwa shika ji, tun ɗazu nika kallon ƙahwahunai suna rawa. Wanda ka jin tsoro haka bai shigo jirgi don wasa ba. Ba shi!"

Haliru ya cire ratayar daga wuyansa. Kafin ta kai hannun Malami wani ƙaƙƙarfan manomi ya zaro wuƙa ya ce a kawo ya tsarge ta gida biyu.

"Kak ka soma!" Malami ya fizge. "Eriya na nan kwance ƙarƙashin hwata. Ka yanke ta, mun gama."

Ya zauna cikin ruwan da ya kai idon sawu, ya matse layar tsakanin gwiwoyinsa, ya ciro basilla. Sai a lokacin ya ga irin aikin da ya yi. Babu inda bakin basilla zai shiga. Zaren ya lafe cikin fata, fatar ta jiƙe ta kumbura ta ƙara danne shi. Shekara arba'in yana alfahari da wannan hannun, yau ga shi yana jin kamar ya cije shi don takaici.

Ya rufe ido, don ido ba shi da amfani a nan, ya bi ƙarƙashin kunnen rataya da kan yatsa. Jirgi ya girgiza, basilla ta zame ta shige tafin hannunsa. Bai ko duba ba. Ya sake lalubawa, ya ji ɗan tudun ƙullin, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Ya soka, ya murɗa, ya ɗago. Da ƙullin ya fito ya kama shi da haƙori ya ja, ɗinki ya fara saki ɗaya bayan ɗaya.

"Ya buɗe!" wani ya ce.

"Da saura," in ji Malami. "Biyu niy yi."

"Kai ko mi yak kai ka yin biyu?" Tani ta ce.

"Gwaninta, Inna," ya amsa, bai ɗago ba.

Ta cikin ta fi sauƙi, amma hannunsa na jini, zare na santsi. Ruwan cikin jirgi ya kai ƙwauri lokacin da rawayar robar ta leƙo. Ya zare ta, ya bar fatar ta faɗa ruwa. Ya warware eriya, ta miƙe. Ya ɗaga murfi. Ya yi bisimilla ya ɗora babban yatsa a kan jan maɓallin, ya danna, ya riƙe.

Wata 'yar farar wuta ta ƙyafta. Ta sake ƙyaftawa. Ban da wannan babu abin da ya faru.

Mutane sun zaci za su ji jiniya, ko wata murya ta yi sallama. Ba su ji komai ba sai ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufi.

"Shi ke nan kukan nata?" Tani ta tambaya.

"Ba mu taka kira ba, Inna, sama taka kira," in ji Malami. "Sun ji. Suna nan tahe." Ya faɗa da ƙarfin zuciyar da ba shi da shi. A ransa yana ta tambaya: in zafin ajiya cikin fata ya kashe ta fa? In ya danna ba daidai ba fa? Ya buɗe wa mutane abin da suka dogara da shi, in ba a zo ba, da wane ido zai dube su kafin ruwa ya rufe su?

Haliru ne ya farfaɗo ya koma mai jirgi. Ya sa aka jefar da kwanon rufi da buhunan taki da na gishiri, masu su na kallo. Ya cire rigarsa ya cusa a tsagar, ya taka da ƙafa. Maza suka ɗora yara huɗu a kan rassan giyayya suka ɗaure su da ɗankwali. Tani ta zubar da daddawar da ke cikin kwanonta ta miƙa shi, mata suka shiga kwarfar ruwa da robobin cefane. Suna kwarfa, gulbi na mayarwa, amma dai suna rage masa sauri.

Malami kuwa aikinsa ɗaya ne, ya riƙe abin sama, eriya na kallon sama, nesa da ganyen itace. Ya matsa can ƙarshen jirgi inda babu rassa, wurin da ya fi ko'ina lilo, ruwa ja na gudu a ƙarƙashinsa. Hannunsa ya gaji, ya sauya, ɗayan ma ya gaji. Sai ya ji an tallafe masa gwiwar hannu. Tani ce ta rarrafo ta zauna a bayansa.

"Riƙe da kyau, baduku. In kas sake ta, ni da kaina za ni tura ka ka ɗauko."

Ruwan sama ya tsagaita. Ruwan cikin jirgi ya kai gwiwa, ya fara taɓa katakon zama. Awakin sun daina kuka. Wani tsoho ya fara karanta kalmar shahada a bayyane, wasu suka bi shi. Malami bai san ko minti nawa suka wuce ba, daga baya aka ce masa arba'in da 'yan kai, shi dai ya rantse sun fi shekara.

Yaran da ke kan reshe ne suka fara ji. Wata ƙara can nesa, daga arewa, tana zuwa tana ɓacewa cikin iska. Haliru ya ɗaga hannu a yi shiru. Kunnensa ya san inji kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa.

"Biyu na," ya ce, muryarsa ta karye. "Jirgi biyu na!"

Ba su yi ta yawo suna nema ba, abin da ya fi ba kowa mamaki ke nan. Kai tsaye suka nufo giyayyar, cikin wannan faɗin ruwan da babu alama, kamar wanda aka yi wa kwatancen gida. Wani mutum mai rigar ruwa ruwan lemo, Bawa, shugaban masu ceto, ya miƙe a gaban jirgin farko ya kewaye baki da hannu.

"Jirgin Haliru na? Haliru na Tungar Mainasara? Kowa shi zauna inda yake, kak a yi rububi!"

Haliru ya juyo ya dubi Malami, baki buɗe. "Hal sunana tah hwaɗa musu?"

Malami ya gyaɗa masa kai, yana dariya yana kuka.

Aka fara da yaran kan reshe, sai mata, sai tsofaffi. Aka ɗauki har awakin. Malami ya ƙi sauke hannunsa sai da Bawa ya ce masa, "Baba, ta gama aikinta, sauke." Haliru ne na ƙarshe. Ba su yi nisa ba jirginsa ya zame daga rassan, ya juya a hankali, gulbi ya rufe shi. Haliru ya bi shi da kallo har ya ɓace, don jirgin mahaifinsa ne, sannan ya share fuska ya juya ya fara ƙirga kawuna.

Labari ya riga su isa mashigin. Jama'a sun cika gaɓa, wasu matan har sun fara ɗora hannu a ka, don a wannan gulbin in aka ce jirgi ya ɓace cikin hadari, an san abin da ke biyowa. Mufida na tsaye a gaba, laka har ƙwauri. Tana tsakiyar taro a Danchadi aka bugo mata daga babban ofis, ta bar manoman a zaune ta taho.

Bawa ya tsaya a bakin ruwa yana ƙirgawa da ƙarfi ana saukowa. Da ya ce ashirin da uku, Haliru ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ashirin da ukku munka shiga! Ba wanda yar rage!"

Wata mata ta rangaɗa guɗa, wasu suka karɓa, gaɓar ta kaure da kabbara. Mai goyon nan ta durƙusa cikin laka tana kuka tana dariya. Malami ya taka ƙasa taku biyu, ya zauna daɓas. Haliru ya zo ya durƙusa a gabansa, ya kama hannun da basilla ta huda da hannu biyu. Daɗin da Malami ya ji a wannan lokacin bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka fara kiransa gwani.

Mufida na ɗaure masa hannu da bandeji sai ya lura da wasu mutum huɗu da suka rakuɓe gefe suna kallon ƙasa. Masu fito ne na sauran mashigai, sun zo taya nema. Babban cikinsu, Musa, ya matso yana sosa ƙeya. Ya sa hannu cikin riga ya jawo wata rataya. Sauran ma suka jawo nasu. Laya huɗu, ja da baƙa, ɗinkakku ruf.

"Mu ma ba mu tahi wurin bayanin ba, kuma mun ga ta Haliru ta yi kyau," in ji Musa, "sai munka kai tamu kasuwas Shagari."

Mufida ta dafe kai. Malami ya miƙa hannu ya karɓi ta Musa, ya juya ta, ya taɓe baki.

"Wa yay yi wanga ɗinki? Ko ɗan koyo ba ya yin haka." Ya laluba aljihu, basillarsa na nan. "Ku ba ni tabarma. Ɗiyata, tsaya kusa, wanda duk nib buɗe ma tashi ki gwada mai da hannunai, sau ukku."

Aka shimfiɗa masa buhu, don tabarma ba ta samu ba. Ya zauna a jiƙe sharkaf, jama'a kewaye da shi, ya soka basilla a ta farko. Gobe da sassafe jirage huɗun nan za su ɗauki mutane, kuma bai tashi daga wurin ba sai da eriya huɗu suka miƙe suna kallon sama.